Dagi a Bayan Hannu

Bayan la'asar ta yi sallama gidanmu na Fagge,
ina tankaɗe lalle, lemon tsami yanke a faranti.
Kubura ce, ta gidan Ɗanliti mai gwanjo,
wadda gashinta ke ja in rana ta taɓa shi,
tun tana firamare yara ke ce mata Baturiya.

Ta kwance ƙulli a bakin mayafi.
Wani ɗan ƙyalle, asu ya ɗanɗani gefensa,
kore da shuɗi gida-gida kamar gurbin dara,
jan zare guda ya ratsa su, ya miƙe kamar dogo.
Sai hoto: zabgegen mutum a gaban kan jirgi, a Loko,
zane iya gwiwa, ko kunya babu,
ya rungume salka mai algaitu uku.

Ta ce, "Kakan uwata ke nan, Jan Gemu ake kiransa.
Daga Sikotlan ya zo, inda ruwa ba ya jiran damina.
Shekara tara yana gyaran tukunyar jirgi,
ya ci goro har haƙori ya rine,
ya tafi hutu, hutun bai ƙare ba har yau.
Abin da ya bari ke nan, sai 'ya mai idon mage.

Dangin babana a kumatu suke ɗauke da garinsu,
ko a cunkoson Kurmi ka gansu ka shaida.
Su kuwa can, an ce a tufa suke yin tsaga.
Yalwa, ki ɗora min tasu a fata."

Ashe ta fara leƙa Sabon Gari,
wurin mai injin da ke ɗinka tawada a jiki.
Ta ji kukan allura, ta tuna alwala,
ta tuna idon innarta, ta juyo daga bakin ƙofa.

Na yago tsakiyar littafin ɗana, na fere fensir.
Na gwada gida-gidan nan:
ya fito kamar ragar taga, muka yi dariya.
Ta nuna min furensu a waya,
ƙaya tsigi-tsigi da ɗan gashi a ka.
Na ce wannan ai ƙarangiya ce ta sa hula!
Ashe ƙaya ma na da masu tinƙaho da ita.
Ta ce akwai barewa mai ƙaho reshe-reshe,
na ce ban zana mai rai, ki bar ni da malamaina.

Har kiran magariba ya taso daga masallacin Waje,
takardu sun cika tabarma, babu wadda ta kwanta mana.
Sai ta juya ƙyallen, fil ɗin azurfa ya faɗo,
baƙi ƙirin don daɗewa.
Na goge shi da toka da ɓawon lemo.

Wani ƙulli ya bayyana,
igiya ɗaya tana shiga tana fita,
ka bi ta da yatsa, ba ka samun bakinta.
Na yi shiru.
Ni da na tashi ina kallonsa a goshin zaurukan cikin birni,
a kan matashin fata na dukawa,
a ƙirjin rigar da babana ke sawa ran Juma'a.
Na ce, Kubura, ai dagi ne.
Wa ya ara wa wani? Oho.
Wataƙila igiya ko'ina haka take tunani.

Na kama hannunta, na fara daga wuyansa.
Rabin ƙullin na bi fil, rabin na bi bangon Makama,
na bar ƙaya uku su tsiro wajen ɗan yatsa,
siririn layi ja ya wuce ta tsakiya, jirgin da bai dawo ba.
Inda biyun suka haɗu, ko ni yanzu ba zan nuna miki ba.

Tana hura hannu, ta ce, "Amma zai goge."
Na ce sati biyu, in kin rage wanke-wanke.
In ya kwanta ki dawo.
Shi Jan Gemu sau ɗaya ya zo garin nan,
ke kuwa ƙofata ba ta da nisa,
kuma lalle bai yi tsada ba bana.